Asibitin Tafi-da-Gidanka a Ƙasar Zuru: Darasi ga Hakimai da Malamansu

1. Dalilin wannan darasi

An shirya wannan darasi domin Hakimai da Dagatai na ƙasar Zuru, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Nufinsa shi ne a bayyana abin da a ke kira asibitin tafi-da-gidanka, da inda kuɗinsa ke fitowa, da abin da ke sa ya yi amfani ko ya zama aikin banza. Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta shi a gaban Dagatansa da masu unguwanni, a kuma fassara wa wanda Hausa ba ta zauna masa sosai ba.

Ƙasar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na Jihar Kebbi, watau Zuru, da Fakai, da Danko-Wasagu, da Sakaba. Akwai asibitoci da ɗakunan shan magani a manyan garuruwa, kamar Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji. Amma yawancin jama'a manoma ne da makiyaya, suna zaune a tungaye da rugage, waɗansu a gindin duwatsu, waɗansu a hayin rafukan da ba su ƙetaruwa da damina. Macen da za ta yi tafiyar yini da goyo kafin ta ga malamin asibiti, ba ta kan tashi ba sai ciwo ya ci ƙarfin yaron, sau da yawa kuwa a lokacin an makara. Saboda irin waɗannan mutane ne a ke ɗaukar magani a kai shi inda su ke.

Abin da a ke so mai karatu ya riƙe shi ne, amfanin wannan asibiti yana ga dawowarsa a ranar da aka yanka, wata bayan wata. Mota da magani suna iya zuwa kyauta daga nesa. Dawowa kan lokaci kuwa, da tara mutane, da riƙe lissafi na gaskiya, rabinsu yana hannun Hakimi da malaminsa.

2. Mene ne asibitin tafi-da-gidanka?

Ƙungiya ce ta ma'aikatan lafiya kaɗan, waɗanda ke tashi daga wani asibiti na zaune su zaga ƙauyuka bisa tsari. Galibi a kan sami malamin asibiti, da ungozoma, da mai yin allurar rigakafi, da mai rubutu, da direba. Inda mota ba ta shiga sai a hau babur, inda babur ya kāsa sai a ɗauki kaya a ka. Abin da su ke ɗauke da shi ya haɗa da akwatin sanyi na alluran rigakafi, da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa, da maganin gudawa da na ciwon haƙarƙari na yara, da maganin tsutsar ciki, da kayan awon mata masu ciki, da ɗan zaren awo da a ke ɗaura wa yaro a damtse a gane ko tamowa ta kama shi.

Ya kamata a bambanta shi da ziyarar yini ɗaya ko mako ɗaya, irin wadda ƙungiyoyi ko masu hali kan kawo likitoci su duba jama'a kyauta. Ita ma tana da ranarta, musamman wajen aikin da a ke gamawa a zama ɗaya, kamar cire yanar ido ko aikin gwaiwa. Amma mai hawan jini da aka ba ƙwayoyin wata guda, aka tafi ba a sake waiwayarsa ba, bayan wata guda ya koma inda ya fito.

3. Yadda aka fara

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A cikin shekarun 1920 wani likitan sojan Faransa mai suna Eugène Jamot ya yi yaƙi da ciwon barci a ƙasar Kamaru ta hanyar aika ƙungiyoyi ƙauye ƙauye, suna duba kowa da kowa, ba su jira sai majiyyaci ya kawo kansa ba. A cikin shekarun 1930 aka kafa irin wannan aiki a Nijeriya ta Arewa. Sarakuna su kan tara mutanen gari a ranar da aka sa, ma'aikata su lallatsa wuyan kowa don neman kaluluwa, wanda aka yi zargi a duba shi da madubin likita, sa'an nan a yi masa allurai. Daga 1937 aka yi babban aiki a Ancau ta Lardin Zariya, aka sare kurmin da ƙudan tsando ke fakewa, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Da taimakon kuɗi daga Ingila aka yi shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka faɗaɗa aikin ƙungiyoyin yawo, suka shiga yaƙi da sanƙarau da tunjere. A cikin shekarun 1950 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka taimaka da allurar fenisilin domin tunjere. A 1967 aka fara yaƙin kawar da agana a Nijeriya da taimakon Amurka, 'yan lamba suka bi kasuwanni da ƙofofin Dagatai da wata bindigar allura da a ke takawa da ƙafa. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a ƙasar nan, a 1980 kuma aka ba da sanarwar cutar ta ƙare a duniya duka. Dattawan da ke da tabon lamba a damtse su ne shaidun wannan aiki.

In an duba waɗannan ayyuka duka za a ga abu guda yana maimaituwa. Kuɗi da kayan aiki sun zo daga waje, ma'aikata na Gwamnati ne da na En'e, amma wanda ya san yawan gidaje, ya kuma iya fito da mutane daga gona a ranar da aka sa, shi ne sarkin gari.

4. Misali na kusa: makantar bakin kogi

Kudancin Jihar Kebbi, har da ƙasar Zuru, yana cikin wuraren da makantar bakin kogi ta daɗe tana ɓarna. Wani ɗan baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta, wanda ke hayayyafa a ruwa mai gudu kan duwatsu. In ya ciji mutum sai ya zuba masa tsutsa, ta girma a ƙarƙashin fata ta yi ƙulli, ta riƙa haifar 'ya'ya masu ɗimbin yawa. 'Ya'yan nan su ke jawo ƙaiƙayi mai tsanani da lalacewar fata, in sun kai ga ido kuma su makantar.

A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, gwargwadon bukata, har iyakar lokacin da a ke bukatarsa. Amma maganin 'ya'yan tsutsar ya ke kashewa, ba ya kashe uwar, ita kuwa tana iya rayuwa har wajen shekara 15 a jikin mutum. Ashe ke nan shan sau ɗaya ba ya raba mutum da cutar. Dole a sha kowace shekara, shekara da shekaru, kuma jama'ar gari su sha tare, har ana neman kashi 80 cikin 100 na mutanen kowane ƙauye, don ƙudan ya rasa inda zai ɗebo tsutsa.

Da fari ƙungiyoyin yawo ne ke kai maganin da mota. Sai aka ga kuɗin mai da na ma'aikata ya yi yawa, ga shi kuma su kan iske mutane sun tafi gona ko kasuwa. A 1995 aka kafa wani babban shiri na ƙasashen Afirka a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, Bankin Duniya yana riƙe da asusunsa, ya yi aiki har 2015. Wannan shiri ya mai da rabon magani hannun jama'a. Kowane ƙauye ya zaɓi mutanensa, aka koya musu aiki, aka ba su littafin sunaye da sandar awo. Da sandar a ke auna tsawon mutum a san ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, ko mace mai ciki, ko wanda ke kwance da ciwo mai tsanani. Mutanen gari su ke zaɓar lokacin rabo, domin su suka san sa'ad da kowa ke gida.

A Jihar Kebbi ƙungiyar Sightsavers ta Ingila, wadda aka kafa a 1950, ita ta tallafa wa Ma'aikatar Lafiya a wannan aiki. Zuwa shekarar 2021 hukumomin lafiya na Tarayya sun lissafa Kebbi cikin jihohin da aka katse yaɗuwar cutar, tare da Kaduna da Zamfara.

A lura da yadda aka raba kayan. Kamfani ya ba da ƙwaya. Masu taimako na waje sun biya kuɗin horo da sufuri. Gwamnati ta ba da ma'aikata da wurin ajiya. Ƙauye ya ba da masu rabo, ya riƙe littafi. Da ɗaya daga cikin huɗun nan ya janye, da aikin ya tsaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Daga ina kuɗi ke fitowa?

A zamanin En'e baitulmali ne ke biyan ɗakunan shan magani na ƙauye. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wannan nauyi ya bar hannun sarakuna. Yau hanyoyin kuɗin huɗu ne.

Ta fari, Gwamnatin Tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 ba na kuɗin shigar Tarayya. An fara sa shi cikin kasafi a 2018. Daga cikinsa a ke aika kuɗi kai tsaye zuwa ɗakunan shan maganin da aka zaɓa, da nufin a sami aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, kuma fita zuwa ƙauyuka yana cikin aikin da ya kamata su yi.

Ta biyu, Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi, waɗanda ke ɗaukar albashin ma'aikata da gine-gine.

Ta uku, taimakon ƙasashen waje, shi kuwa iri-iri ne. Akwai na gwamnatoci, wanda daga harajin talakawansu ya ke fitowa. Akwai na manyan asusu, kamar Gavi da aka kafa a 2000 domin alluran rigakafi, da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da aka kafa a 2002. Akwai kuma na ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke tara gudummawa kaɗan kaɗan daga mutane masu yawa, kamar ƙungiyar likitoci ta MSF wadda ta fara jinyar yara masu tamowa a Maiyama a 2022. Duk waɗannan suna da waɗanda za su koma su yi wa bayani, don haka ba su sake kawo kuɗi inda lissafi bai fita ba.

Ta huɗu, jama'ar gari da 'ya'yansu da ke aiki a birane. Nasu ya fi zuwa ta hanyar masauki, da abincin ma'aikata, da gyaran mashigi, da man babur.

Wajibi ne Hakimai su sani taimakon waje yana da wa'adi, wani lokaci ma ya kan yanke kafin wa'adin. A watan Janairu na 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakonta ga ƙasashen waje, a watan Yuli na shekarar kuma aka rufe hukumarta ta USAID, wadda Kebbi na cikin jihohin da ta yi ayyukan lafiya. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk aikin da aka ɗora gaba ɗaya kan kuɗin baƙo, ranar da ya kama hanya aikin zai bi shi.

6. Kashi uku na kuɗin aiki

Kuɗin asibitin tafi-da-gidanka kashi uku ne. Na ɗaya kuɗin saye, watau mota ko babura, da firjin da ke aiki da hasken rana, da akwatunan sanyi. Na biyu kuɗin tafiyarwa, watau mai, da gyara, da taya, da kuɗin kwanan daji na ma'aikata, da magungunan da ke ƙarewa. Na uku kuɗin mayewa, domin motar da ke bin hanyar dutse da laka ba ta daɗewa kamar ta birni.

Kashi na ɗaya shi ya fi saurin samun mai biya, gama ana ganinsa, ana yin bikin miƙa shi, ana ɗaukar hoto. Kashi na biyu shi ne ran aikin, shi ne kuma a kan manta. Wannan ya sa a kan ga motar asibiti mai kyan fenti a ajiye a harabar ofis, tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Ba lalle wani ya ci amana ba. Sau da yawa tun ran fari ba wanda ya rubuta wa zai sayi mai.

Saboda haka in baƙi suka zo da niyyar kawo irin wannan aiki, Hakimi ya karɓe su da mutunci, sa'an nan ya yi musu waɗannan tambayoyi, malami yana rubuta amsa:

(a) Shin shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya san da zuwansu, sun kuma zo da takardarsa?

(b) Sau nawa za su zo, a waɗanne ranaku, har zuwa yaushe?

(c) Wa zai biya mai da gyara da kuɗin ma'aikata a shekara ta fari, wa zai biya bayan sun tafi?

(d) Magungunansu suna da lambar hukumar NAFDAC, kuma kwanansu bai ƙare ba?

(e) Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu, wane asibiti za a kai shi, da wace mota?

(f) Kyauta ne ko da biya? In da biya, nawa ne, kuma za a ba da rasit?

Mai niyyar kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Hasali ma su kan ƙara masa natsuwa cewa kuɗinsa ya faɗa hannun masu lura.

7. Dalilin da ya sa dawowa kan lokaci ta zama tilas

Yawancin abin da wannan asibiti ke bayarwa a jere ya ke, ɗaya bayan ɗaya. Jariri yana karɓar rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan na ƙyanda da shawara a wata 9, da ƙarin na ƙyanda a wata 15. Tsakanin allurai uku na tsakiya mako huɗu huɗu ne. Yaron da ya sami ta fari ya rasa sauran, kariyarsa ba ta cika ba.

Haka maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 domin yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Kowane wata a ke sha, kwana uku a jere, har damina ta wuce. Wannan ya shafi jiharmu ƙwarai, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin, ba jihar da ta kai haka. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Ita ma sau huɗu ce, a wata 5, da 6, da 7, da 15.

Mace mai ciki ma awo ɗaya ba ya isarta, yaro mai tamowa kuwa sai an riƙa auna shi a kai a kai har ya murmure. Ban da wannan, akwai maganar amana. In aka ce mota za ta zo ran Talata, mata suka bar aiki suka yini a gindin bishiya ba ta zo ba, ba a kuma aiko da dalili ba, wata Talatar rabinsu ba za su fito ba. Alkawari kaya ne.

Ga misalin tsari mai sauƙi. A ce gunduma tana da wuraren tsayawa 12. Ƙungiya ta ziyarci uku kowane mako, cikin mako huɗu ta gama zagaye, kowane wuri ya san ranarsa a wata. Sauran kwanakin mako na ɗebo magani ne da gyaran mota da rubuta rahoto. Wuri 12 da a ke zuwa kullum kan lokaci sun fi wuri 40 da a ke leƙawa sau ɗaya a shekara.

8. Aikin Hakimi da Dagatai

A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, daga baya kuma Sarkin Kabin Argungu Alhaji Samaila Muhammad Mera ya riƙe shugabancinsa. Sa hannun sarakuna yana cikin abin da ya kai ga sanarwar 25 ga Agusta 2020, cewa an raba Afirka da ƙwayar shan inna ta asali. Irin wannan aiki ne a ke nema daga Hakimai a gundumominsu.

Hakimi ya zauna da ma'aikatan lafiya da Dagatai a zaɓi wuraren tsayawa. A duba nisa daga ɗakin shan magani, da yawan tungayen da za su iya haɗuwa a wurin, da inuwa, da ruwa, da ɗakin da za a duba mata cikin sutura. Kada a zaɓi wuri don gidan wani babba yana can. A zaɓi rana da sanin kasuwanni, da ranakun Juma'a da Lahadi, da lokacin shuka da girbi, da kwanakin Uhola, da ranakun da samari ke fita golmo.

A yi shela kwana biyu kafin ranar, ta bakin sanƙira, da masallatai, da majami'u. A tanadi tafinta, gama a ƙasar nan akwai Lelna da Fakkawa da Bangawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa da Fulani, tsohuwar da ba ta jin Hausa kuwa ba za ta iya faɗin abin da ke damunta ba. A aika wa Ardo tun da wuri, domin rugage su ne a kan fi tsallakewa. A nemi yardar masu gida su bar matansu su fito. In jita-jita ta tashi game da wata allura, Hakimi ya kira malamin asibiti ya yi bayani a bainar jama'a, ya kuma fara miƙa 'ya'yan gidansa.

9. Aikin malami

Malamin Hakimi ya riƙe littattafai uku. Na ɗaya littafin gidaje: sunan mai gida, da unguwa, da yawan yara 'yan ƙasa da shekara 5, da haihuwar da aka yi a wata. Masu unguwanni da ungozomomi da wanzamai su ne idonsa a nan, domin ba a suna ba su sani ba. Na biyu littafin ziyara: ranar da aka sa, da ranar da aka zo, da yawan waɗanda aka gani, da abin da ya ƙare. Na uku littafin gudummawa: duk abin da jama'a ko 'yan gari suka bayar, da abin da aka kashe, da rasit, a riƙa karanta shi a gaban Dagatai.

Kada malami ya ƙara lissafi don a ga gundumarsa da yawa, kada ya rage don gudun wahala. In ya ƙara, za a kawo maganin da zai lalace a nan alhali wata gunduma ta rasa. In ya rage, yara za su koma gida ba allura. Ya bayyana wa mutane cewa wannan ƙidaya ba ta haraji ba ce, gama har yanzu akwai masu ɓoye 'ya'ya in sun ga alƙalami. Kuma ba aikinsa ba ne ya rubuta irin ciwon da ke damun wani. Wannan asiri ne tsakanin majiyyaci da ma'aikacin lafiya.

Bayan kowace ziyara ya karɓi sunayen yaran da suka yi fashi, ya miƙa wa masu unguwanninsu a nemo su kafin wata mai zuwa. A ƙarshen wata ya aika taƙaitaccen rahoto zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da fadar Sarki. Littafin ziyara shi ne hujjar Hakimi in ya je neman a ci gaba da aikin bayan masu taimako sun tafi.

10. Damina da rashin tsaro

Da damina ciwo ya fi yawa, da damina kuma hanya ta fi yankewa. Tun kafin ruwa ya sauka a lissafa ƙauyukan da rafi kan rufe, a kai musu abin da ba ya bukatar sanyi, a bar shi hannun wanda aka horar. Alluran rigakafi kuwa dole su zauna tsakanin digiri 2 da 8 na awon zafi, don haka ba a barinsu a ƙauye. A yi gayya a gyara mashigai kafin ranar zuwan ma'aikata.

Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a Danko-Wasagu da Sakaba tun wajen 2021 sun tashi ƙauyuka da dama. Ba a tura ma'aikata hanyar da Hakimi da jami'an tsaro ba su amince da ita ba. In an ɗaga ziyara, a aika wa Dagaci nan da nan, tare da sabuwar rana. In mutanen ƙauye sun yi hijira, wurin tsayawarsu ya bi su inda suka sauka, malami kuma ya buɗe musu shafi a littafinsa, domin yaran da aka raba da gidajensu su suka fi shiga hatsarin ƙyanda da tamowa.

11. Abin da ya fi ƙarfin asibitin tafi-da-gidanka

Ba ya yin babbar tiyata, ba ya ƙarin jini, ba ya nan da tsakar dare sa'ad da naƙuda ta yi gardama ko maciji ya sari manomi. Don haka kowane gari ya yi shirinsa. A waɗansu jihohin Arewa an yi yarjejeniya da ƙungiyar direbobi su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti ko da wane lokaci. Dagaci yana iya yin irin wannan da masu mota da masu babura na garinsa, a ajiye ɗan asusun mai a hannun amintacce, a rubuta lambobin wayarsu a ƙofar Dagaci. Inda littafin ziyara ya nuna jama'a suna da yawa wata bayan wata, Hakimi ya kai wa ƙaramar hukuma kuka da hujjarsa a gina ɗakin shan magani na zaune, motar kuma ta matsa gaba zuwa inda ba a kai ba tukuna.

12. Tambayoyi domin bita

1. Ƙauyuka nawa ne a gundumarka da ba su da ɗakin shan magani kusa, waɗanne ne kuma rafi kan rufe da damina?

2. Don me aka riƙa shan Mectizan kowace shekara, wa ya ɗauki kowane kashi na aikin?

3. Faɗi kashi uku na kuɗin asibitin tafi-da-gidanka. Wanne a kan fi mantawa?

4. Waɗanne tambayoyi shida Hakimi zai yi wa baƙin da suka kawo taimako?

5. Waɗanne littattafai uku malami zai riƙe, mene ne kuma bai kamata ya rubuta ba?

6. In taimakon waje ya yanke a gundumarka a bana, wane ɓangare na aikin jama'arka za su iya riƙewa da kansu?

Ana son kowane malami ya rubuta amsar tambaya ta 1 da ta 6 bisa halin gundumarsa, Hakimi ya duba ya sa hannu, a kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin faɗuwar damina.